Yaron da ke son haɗa gem, da gaskiyar da ya kamata mu gaya masa

Bara bayan Babbar Sallah na je gidan yayata gaisuwa. Babban ɗanta, wanda bai daɗe da gama sakandare ba, ya bari sai da aka ci aka sha, sannan ya matso kusa da ni ya ce, "Kawu, ni fa gem nake so in koyi haɗawa." Mahaifinsa na kishingiɗe a kan darduma, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "To ka dai ji da kunnenka. Shekara uku kuɗin tararsa na ƙarewa a gidan gem ɗin bakin layi, yau kuma wasan ya zama sana'a. Don Allah ka gaya masa gaskiya, tunda kai yana jin maganarka."

Ni aikina rubuta manhaja ne, galibi ta lissafin kaya da kuɗi da masu shaguna ke amfani da ita, kuma na taɓa haɗa ƙananan wasanni don sha'awa. Abin da na gaya musu a ranar bai yi wa kowannensu daɗi gaba ɗaya ba, kuma shi nake so in faɗa a fili, domin gidajen da ake irin wannan jayayya suna da yawa. Haɗa wasan kwamfuta aiki ne na gaske, yana cikin mafi wuya a duk fagen rubuta manhaja, kuma iyayen da ke masa kallon shiririta sun yi kuskure. Amma yaran da ke ɗaukar son buga gem a matsayin shaidar za su iya ƙera shi, da cibiyoyin da ke karɓe musu kuɗi su koya musu danne-danne na wata uku, su ma a kan kuskure suke, kuma nasu ya fi tsada. Duk wanda zai shiga wannan gida ya san ɗakuna ne da yawa a cikinsa, ya zaɓi ɗaya ya zauna, ya kuma kafa ƙafarsa a kan lissafi da iya rubuta kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, abin da zai ci abinci da shi ko da kasuwar gem ta juya masa baya.

Washegari na sa yaron ya zo wurina. Ban nuna masa wani babban abu ba. 'Yan layuka na rubuta, farar ƙwallo ta bayyana a kan baƙin allo, na umarci kwamfuta cewa duk lokacin da ta sake zana hoton ta matsar da ƙwallon ɗigo 5 zuwa dama. A kwamfutata ƙwallon ta ratsa allon cikin sakan 4. Muka ɗora abin a tsohuwar wayar itel ta mahaifiyarsa, sai ga ƙwallo tana jan jiki kamar mai ciwon ƙafa, ta ɗauki kusan ninki biyu na wancan lokaci. Na ce masa, "Kod ɗaya ne, ban taɓa ko harafi ba. Me ya faru?" Ya yi shiru ya fi minti goma, ya ce ko data ce. Na ce babu ruwan data. Daga ƙarshe ya gano da kansa: kwamfutata tana zana hoto 60 a sakan, wayar kuwa da ƙyar take kai 30, don haka ƙwallon na yin rabin takun da take yi a wurina. Maganin shi ne a daina ƙirga taku da yawan hoto, a riƙa auna lokacin da ya wuce tsakanin hoto da hoto a ninka shi da gudun ƙwallon. Da na rubuta masa a takarda sai ya ce, "Kawu, ai wannan shi ne gudu sau lokaci da malamin fiziks ya koya mana a aji huɗu." Na ce shi ne, kuma daga nan sana'ar take farawa.

Abin da mai kallo ke gani kamar motsi, jerin hotuna ne da ake zanawa ɗaya bayan ɗaya. Idan gem na nuna hoto 60 a sakan, kowane hoto na da milisakan 16 da ɗoriya kawai, wato kashi 16 cikin dubu na sakan guda. A cikin wannan ɗan ƙyaftawar ido ake son a karanta inda yatsan ɗan wasa ya taɓa, a motsa duk abin da ke cikin filin, a duba wa ya yi karo da wa, a yanke abin da abokan gaba za su yi, a fitar da sauti, a aika saƙo ta intanet, sannan a zana komai. Manhajar shago da nake rubutawa, idan rasit ya ɗauki sakan 2 kafin ya fito babu mai ƙorafi. A gem, jinkirin kashi ɗaya cikin goma na sakan ya isa ɗan wasa ya ce wayar na maƙalewa ya goge abin. Wannan matsi shi ya sa aikin ya rabu gida-gida, kamar yadda duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake ɗaukar fim a Kano ya ga darakta daban, mai kyamara daban, mai sauti daban, mai tacewa daban. Sunayen da ke gangarowa a ƙarshen babban gem, waɗanda yara ke dannawa su wuce, sukan kai ɗaruruwa, wani lokaci dubbai.

Ɗakin da kowa ke hange shi ne na mai rubuta yadda wasan kansa ke gudana. Yaron namu burinsa gem ɗin dambe, sai na ce mu ɗauki naushi ɗaya tak mu duba. Ɗan dambe ya ja hannun da aka naɗe da zare baya, ya sake shi. Hoto nawa jan hannun zai ɗauka? Idan ya yi kaɗan, abokin karawa ba zai ga naushin na zuwa ba balle ya kare da ɗaya hannun, wasan ya zama na sa'a. Idan ya yi yawa, mai bugawa zai ji kamar hannun ba nasa ba ne. A wane hoto ne dunƙulen ke iya yin illa, kuma wane yanki na jikin abokin karawa ake ɗauka an taɓa? Idan gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, to ta yaya kwamfuta za ta bambance gwiwar da ta taɓa ƙasa da wadda ta kusa taɓawa? Me zai faru idan su biyun suka kai naushi a hoto ɗaya? Turmi uku ake yi, ina ake ajiye ƙirgen? Duk waɗannan sai an rubuta su da lamba, a gwada, a goge, a sake. Mai wannan aiki yana zama kafaɗa da kafaɗa da mai tsara dokokin wasa, kuma rabin gwanintarsa ji ne a hannu, irin na tela da ya san ɗinki ya zauna tun kafin a sa rigar.

Kusa da shi akwai mai koya wa abokan gaba dabara. Wannan fanni ya girmi manhajojin hira da ake yayi yanzu nesa ba kusa ba. A gem ɗin Pac-Man da kamfanin Namco na Japan ya fitar a 1980, dodanni huɗu ne ke bin ɗan wasa, kowanne da halinsa: jan yana binka kai tsaye, mai ruwan hoda yana nufar gabanka don ya tare ka. 'Yan dokoki ne ƙalilan, amma mai wasa yana jin kamar da gangan ake masa tarko. Hanyar da sojan cikin gem ke bi ya kewaye gini ya same ka kuwa, yawanci da dabarar lissafin nan mai suna A* ake nemo ta, wadda masu bincike a cibiyar SRI ta Amurka suka fitar tun 1968 don wani mutum-mutumin inji. Wanda ya ƙware a nan ya ƙware a tsara bayanai da neman hanya mafi gajarta, kuma irin wannan lissafin ne manhajar taswira ke yi idan tana nuna wa direba hanya.

Can ƙasan ginin akwai masu rubuta injin gem, wato manhajar tushe da ake gina wasa a kanta, da masu rubuta kod ɗin da ke zana hoto, mutanen yaren kod na C++, waɗanda suka san yadda ƙwaƙwalwar kwamfuta ke ajiye abu da yadda na'urar zane ke juya miliyoyin ƙananan alwatika su zama fuskar mutum. John Carmack na kamfanin id Software ya yi suna ne a nan, lokacin da ya sa kwamfutocin 1993 masu rauni suka iya ɗaukar gem ɗin Doom. Guraben wannan ɗaki kaɗan ne, hanyarsa doguwa ce, kuma babu shigarsa sai da lissafin kusurwa da na matiriks, wato jadawalin lambobi.

Ɗakin da na fi so yaranmu su leƙa shi ne na masu haɗa 'yan wasa ta intanet, domin mu muka fi kowa sanin ciwon. Duk yaron da ke buga PUBG Mobile ko Call of Duty a waya ya san baƙin cikin ya harbi mutum ya ga bai faɗi ba, shi kuma a kashe shi bayan ya riga ya shige bayan bango. Yakan zagi kamfanin layinsa, wani lokaci da gaskiyarsa, amma akwai iyakar da Allah ya sa wa haske kansa. A cikin wayar gilashi da ke ƙarƙashin teku, haske na tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan. Daga Legas zuwa Landan kusan kilomita 5,000 ne a miƙe, zuwa da dawowa 10,000, wato milisakan 50 ko da babu tsayawa ko'ina, kuma wayoyin ba a miƙe suke ba, gaɓar teku suke bi. Ƙara tafiyar saƙon daga Kano ko Maraɗi zuwa bakin teku. Kafin amsa ta dawo daga babbar kwamfutar da ke alƙalancin wasan, wayarka ta riga ta zana hotuna da dama. Dole kenan wayar ta yi hasashe: ta nuna maka ka motsa nan take, ta ci gaba da tafiya, idan amsa ta iso ta saɓa da hasashenta sai ta gyara a hankali yadda ido ba zai kama ba. Carmack ya shigar da wannan dabara a gem ɗin QuakeWorld a 1996 saboda masu jinkirin layin tarho, kuma har yau a kanta ake gini. Mai rubuta wannan sashe shi ke yanke hukuncin wa ya riga harbi idan mutum biyu suka ga abu daban-daban a lokaci ɗaya. Wanda ya iya wannan, bankuna da kamfanonin sadarwa da masu manhajar tura kuɗi duk suna neman irinsa.

Akwai kuma waɗanda ba a jin sunansu. Mai ƙera kayan aiki yana rubuta manhajar da masu zane da masu tsara fili za su yi amfani da ita, domin kada mai zane ya jira mai kod duk lokacin da zai matsar da bishiya. Wani aikinsa kawai ya tabbatar kod ɗin mutum hamsin na haɗuwa kullum ya zama gem ɗaya mai tashi. Wani yana kan sauti, wani kan maɓallai da rubutun allo, wani kan asusun 'yan wasa da biyan kuɗi da kama masu maguɗi. Sai masu gwaji, waɗanda yara ke ɗauka an biya su ne su sha wasa. Mai gwaji zai iya wuni yana tura mutum ɗaya jikin bango ɗaya ta kusurwa daban-daban, ya rubuta dalla-dalla matakan da ke sa shi faɗawa ta ciki, yadda mai gyara zai iya maimaitawa. Wanda ya raina wannan aiki ya tuna Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt na Poland. Ya fito a Disamban 2020 bayan shekaru ana jira, ya riƙa sandarewa a PlayStation 4, har Sony ta cire shi daga shagonta ta mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo ba sai Yunin 2021.

Ban ma taɓo masu zane da masu motsa zane da marubuta labari da masu kula da jadawalin aiki ba, waɗanda ba lallai su rubuta kod ba. Na ambace su ne don yaro ko yarinyar da ke son wannan fage amma lissafi ba ya shiga kansu su san ƙofa ba ɗaya ba ce.

Yaron ya kawo mini hujjar da kowa ke kawowa: ai mutum ɗaya ne ya yi Minecraft. Haka ne, Markus Persson ɗan Suwidin ya fara shi shi kaɗai a 2009, kuma Microsoft ta sayi kamfaninsa a 2014 kan dala biliyan 2.5. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tun yana ƙaramin yaro yake rubuta kod, kuma ya shafe sama da shekara huɗu yana haɗa wasanni a kamfanin King kafin nan. Eric Barone da ya yi Stardew Valley shi kaɗai, digiri gare shi a kimiyyar kwamfuta, kuma ya kwashe kusan shekara huɗu da rabi a kan gem ɗin kafin ya fito a 2016, yana ɗan aikin wucin gadi a gidan kallo don ya rayu. Su waɗannan mun ji labarinsu ne saboda sun dace. Dubban da suka yi irin wannan zaman suka fito babu mai saye, babu mai ba da labarinsu. Ɗora rayuwar yaro a kan irin wannan labari zalunci ne.

Inda raina ya fi ɓaci shi ne wajen koyarwa. Wani abokin yaron ya biya kuɗi masu kauri a wata cibiya, ya yi wata uku, ya fito da satifiket da gem ɗin tseren mota mai kyan gani. Ya nuna mini da alfahari, kuma ban ga laifinsa ba. Na ce masa ya sa motar ta riƙa rage gudu idan ta sauka daga kwalta ta hau yashi. Ya buɗe fayilolin yana ta dubawa, bai san ma inda aka rubuta gudun motar ba. Ashe samfuri ne aka sauko musu da shi, aka nuna musu yadda za su canza launi da suna. An karɓi kuɗin mahaifinsa an ba shi kwalliya, an bar shi da zaton ya iya. Ranar da zai zauna gaban mai ɗaukar aiki a ce ya rubuta abin da zai gano ko da'ira biyu sun taɓa juna, ranar zai gane abin da aka yi masa, kuma shi zai ɗauki kunyar.

Injinan haɗa gem alheri ne, ban ce a guje su ba. Unity da ya fito a 2005 ana rubuta masa da yaren kod na C#, kuma wasannin waya da yawa a kansa aka gina su. Unreal na kamfanin Epic Games yana tafiya da C++. Godot, wanda Juan Linietsky da Ariel Manzur 'yan Ajantina suka fara kuma aka sake shi kyauta ga kowa a 2014, ba shi da nauyi, yana tashi a tsohuwar kwamfuta, har akwai nau'insa da ke aiki a wayar Android. Amma inji kayan aiki ne, kuma mai shi na iya sauya ra'ayi. A Satumban 2023 Unity ta sanar za ta riƙa cajin kuɗi kan kowace saukewar gem da aka gina da injinta. Masu haɗa wasanni a duniya suka yi ca, shugaban kamfanin John Riccitiello ya sauka a watan Oktoba, bayan shekara guda aka soke tsarin gaba ɗaya. A tsakanin nan, waɗanda suka san kod da lissafi sun iya kwashe kayansu su koma wani inji. Waɗanda iyakar iliminsu inda maɓalli yake a Unity, su ne suka rasa tudun dafawa. Haka batun yake da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta kod yanzu. Suna rage wahala ƙwarai, ni ma ina amfani da su, amma ranar da suka rubuta maka abin da ke sa waya zafi tana shanye caji, sai wanda ya iya karanta kod ne zai gano inda matsalar take.

Shirin 3MTT na horar da mutane fasahar zamani da Ma'aikatar Sadarwa ta Najeriya ta ƙaddamar a 2023 ƙarƙashin Bosun Tijani ya sa haɗa gem cikin fannonin da ake koyarwa, kuma na ji daɗin ganin gwamnati ta kira abin da sunan sana'a. Roƙona ga duk mai koyar da wannan fanni, na gwamnati ko na kasuwa, shi ne ya ɗauki gajeren horo a matsayin buɗe ƙofa kawai, ya faɗa wa ɗalibai haka tun ranar farko. A sa su rubuta ƙaramin abu daga farko har ƙarshe da hannunsu. A koya musu Git, manhajar da ke adana tarihin duk sauyin da aka yi wa kod, domin babu kamfanin da zai ɗauki wanda ke ajiye aikinsa a filashi da sunan "na ƙarshe" da "na ƙarshen ƙarshe". A haɗa su uku-uku ko huɗu-huɗu, mai kod da mai zane da mai sauti, su shiga irin gasar Global Game Jam da ake yi duk watan Janairu tun 2009, inda ake ba da awa 48 a haɗa gem. Ƙaramin wasa ɗaya da aka gama, wani ya buga ya ji daɗi, ya fi manyan mafarkai goma da aka bari a rabi.

Mahaifin yaron kuma yana da gaskiyarsa, kuma ban ɓoye masa ba. Wannan kasuwa ba ta da tabbas. A Satumban 2023 Epic ta sallami ma'aikata kusan 830. A Janairun 2024 kaɗai, Unity ta sallami kusan 1,800, Microsoft ta sallami 1,900 daga ɓangaren wasanninta watanni kaɗan bayan ta kammala sayen kamfanin wasanni na Activision Blizzard kan kusan dala biliyan 69, Riot Games ta sallami 530. A watan Fabrairu Sony ta bi sahu da 900. Waɗannan ƙwararru ne masu shekaru a aiki, a ƙasashen da masana'antar ta kafu. Ga kuma al'adar kwana a ofis idan ranar fitar da gem ta matso, wadda ma'aikata suka daɗe suna kuka da ita. Shi ya sa nake nacewa kan tushe. Mai C# ko C++ na gaske, wanda ya san tsarin bayanai da sadarwa, idan ƙofar gem ta rufe yana da wasu ƙofofin. Injin Unreal ɗin nan ana amfani da shi wajen nuna gini kafin a gina shi da wajen shirya fim.

Akwai wata damuwa ta iyaye da ba na so a yi wasa da ita. A unguwanninmu gidan gem da shagon caca sukan zama maƙwabta, har wasu iyaye ba sa bambance su. Abin takaici, wasu wasannin ma sun shigo da cacar cikinsu: ka biya kuɗi a buɗe maka akwati ba ka san abin da ke ciki ba, ko ka dace ko ka yi asara. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke tun 2018 cewa irin waɗannan akwatuna caca ce. Wani mai kod ne ke zama ya rubuta lissafin da ke sa yaro ya kusa dacewa don ya sake biya. Na gaya wa ɗanmu cewa ranar da aka kawo masa irin wannan aiki, komai kuɗinsa, ya tuna yana da damar cewa a'a, kuma ya tuna wa zai tsaya gabansa ya yi bayani.

A nahiyarmu akwai waɗanda suka riga suka share hanya. Leti Arts ta fara a Gana a 2009, Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a Legas a 2012, Kiro'o Games ta Olivier Madiba a Yawunde ta fitar da gem ɗin Aurion a 2016 bayan shekaru ana fama da ƙarancin jari da ɗaukewar wuta. Mu kuma a ƙasar Hausa muna da makarantar da ba mu san darajarta ba. Yawancin mutanenmu Tecno da Infinix da itel ke hannunsu, masu ƙaramin RAM, ga data da tsada, ga sabis mai zuwa yana ɗaukewa. Yaron da ya koyi matse gem ya yi ƙanƙanta, ya tashi sumul a irin wannan waya, ya jure yankewar sabis ba tare da ya watsar da wasan mutum ba, ya koyi abin da kamfanonin wasan waya ke biyan kuɗi a kansa, domin masu irin wayoyinmu sun cika Indiya da Indonesiya da Brazil. Ga kuma matsalolin da babu mai gyara mana su sai mu. Ranar da yaron ya fara rubuta Hausa a allon wasansa, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ suke sai wani ɗan akwati ya fito a gurbinsu, saboda samfurin haruffan da ya ɗauka bai san da su ba. Ya yi niyyar ya mayar da su k da d da b ya huta. Na ce sam, ya nemo haruffan da ke ɗauke da su ya koyi yadda ake shigar da su, domin "ƙafa" da "kafa" ba abu ɗaya ba ne.

Dambe mun ajiye shi tukuna, ya fi ƙarfin mai fara koyo. Na ce ya fara da dara: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, a jera su bi da bi, sannan a riƙa matsawa, wanda ya haɗa uku a jere ya ci ɗan abokin wasansa ɗaya. Babu zane mai wahala, babu gudu, dokoki ne zalla da tunani. Wata biyu ya yi kafin mutum biyu su iya bugawa a waya ɗaya. Da ya zo koya wa kwamfuta ta buga da mutum, ya sa ta riƙa hango motsi huɗu gaba, sai wayar mahaifiyarsa ta riƙa yin shiru na tsawon lokaci kafin kowane motsi, bayanta ya yi zafi. Yanzu yana koyon yadda za ta riƙa watsar da hanyoyin da tun farko an ga ba za su kai ko'ina ba.

Makon da ya wuce na koma gidan bayan la'asar, na tarar da wayar a hannun mahaifinsa, wanda ya yi shekaru yana buga dara a gindin dalbejiyar ƙofar gidansu. Ya cinye kwamfutar sau biyu a jere. A karo na uku ya tsaya ya ƙura wa allon ido, ya ƙwala wa yaron kira ya ce, "Kai, zo nan. Wa ya gaya maka jeri huɗu yana ci? Ga shi ta jera huɗu ta ɗauke mini ɗa. Uku ne kawai ke ci." Yaron ya ɗauko littafinsa mai layi-layi inda yake rubuta kurakuran da aka gano, ya durƙusa gefen darduma ya ce, "Baba, a wane gurbi ɗanka yake kafin ta matsa? Nuna mini daga farko."